Yadda Yahaya Daidai Ya Koma Yahaya Goruba

Duk wanda ya shiga kasuwar Katako ya tambayi Yahaya, sai an ce masa wanne, don Yahaya sun fi biyar tsakanin layin masu alluna da na masu tukwane. Amma in ya ce Yahaya Goruba, ko mai tallan ruwa za ta nuna masa da baki: can bayan tarin katakon Alhaji Maman, inda wani gajeren mutum yake zaune kan buhu, cociloli a jere gabansa. Bai taɓa sayar da goruba ba, haƙoransa ma ba su iya ta. Sunan ya same shi ne a shekarar da soja suka karɓi mulki, kuma kafin nan yana da wani suna da ya fi so nesa ba kusa ba.

Asalinsa ɗan maƙera ne daga wani ƙauye kusa da Madawa, a ƙasar Tawa. Ubansa ƙato ne mai buga garma uku kafin hantsi, shi kuwa Yahaya in ya ɗaga masaba sai ta nemi tafiya da shi. Amma in ka ba shi ƙaramin abu, kwaɗon da ya ƙi buɗewa ko fitilar ƙwai mai yoyo, sai ya manta da abinci. Uban ya dube shi ya sake dubawa, ya ce wannan ba na ƙauye ba ne, a bar shi ya tafi inda kaya ke lalacewa. Ya ba shi wata jakar jar fata mai ɗauke da zarto biyu da guntun dalma, ya ɗora shi bayan kamiyon, babbar motar ɗaukar albasa. Da ya sauka Yamai sai da ya kwana uku yana warin albasa.

Cocila, fitilar hannu, ita ce ta ɗaga shi. A lokacin kowane mai gadi da kowane mai garka, wato lambu, a bakin kogi yana da cocilar gwangwani mai cin pil, wato batir, biyu ko uku, kuma kowace cocila tana da ranar da take yin fushi. Yahaya ya san fushinsu duka. Wata rana wani maharbi mai suna Oumarou ya kawo tasa gyara, sai Yahaya ya ga an ɗaure ta jikin bindigarsa adaka da tsumma da robar taya, ta karkace tana kallon gefe. Ya tambaye shi yaya yake samun nama da wannan. Oumarou ya yi dariya ya ce ai ya saba, in haske ya faɗa kan zomo sai ya ɗan ja hagu ya yi bisimilla. Abin ya tsaya wa Yahaya a rai kamar ƙashin kifi. Ya roƙi maharbin ya bar masa bindigar kwana biyu, ya yanka zobba biyu na tagulla daga wani mataccen famfo, ya shimfiɗa musu fata a ciki, ya zaunar da cocilar bisa bindiga zama na mutunci. A bakin bindigar kuma ya liƙa wani ɗan ƙullin tagulla da bai wuce ƙwayar gero ba, don aunawa da rana. Bayan mako Oumarou ya dawo da zabbi biyu da maharba uku.

Daga nan ya tsiro da hanyar aikinsa, wadda har ya tsufa bai canza ba. Alhaji Maman mai katako yana da wani ɗakin ajiya marar taga, ko da tsakar rana in ka rufe ƙofa ba ka ganin tafin hannunka. A ƙarshen ɗakin Yahaya ya jingine wani tsohon ƙyaure, ya zana masa da'ira da gawayi. Sai ya kwantar da bindiga kan itace mai gwafa, ya ja zare daga bakinta har jikin ƙyauren, ya dinga lallaɓa cocila yana mata magana ƙasa-ƙasa har sai zuciyar hasken ta zauna cikin da'irar. Ran Lahadi kuma a fita bayan gari, mai bindiga ya harbi suri a gani da ido. Shi Yahaya can nesa yake tsayawa, yatsu biyu cikin kunnuwa, ido a rufe, don duk duniya ba abin da yake tsoro kamar ƙarar bindiga. Matarsa Tabawa takan ce ita dai ba ta taɓa ganin mutumin da ke gudu in za a yanka kaza ba, ga shi kuma maharban gari duka suna gaishe shi da hannu biyu.

Akwai wani abu kuma da ya sa wasu ke cewa yana da tsirfa. Ba ya ɗora cocila kan bindigar mai gona ko mai garka sai ya je ya ga wurin da ƙafarsa, ya taka ya ƙirga daga inda mutum zai laɓe zuwa inda dabba ke shigowa. A cewarsa hasken taku ashirin daban, na taku arba'in daban. In ka ce kana sauri, sai ya nuna maka rumfar Hamisu da ke tsallaken hanya, wanda ke ɗaure komai da robar taya kafin ka gama gaisuwa.

Da haka aka sa masa Yahaya Daidai. Inda haskensa ya faɗa, nan harsashi ke faɗawa, kowa ya san wannan daga Katako har ƙauyukan hanyar Say. Kuma gaskiya ce, yana son sunan nan fiye da kima. Ba shi da gida nasa, haya yake a unguwar Maourey, ba shi da keke, rigarsa ta Juma'a ɗaya ce. Sunan shi ne dukiyarsa. In wani ya kira shi Yahaya kawai, sai ya yi kamar bai ji ba har a ƙarasa.

Sai fari ya zo. Damina ta ƙi, ta sake ƙi, mutanen arewa suka gangaro Yamai da abin da ya rage musu, wasu da jaki, wasu da ƙwarya kawai. Bukkokin tabarma da na buhu suka cika bayan gari da gefen kogi. Ana cikin haka soja suka karɓi mulki, gari ya yi tsit. Ko taya ta fashe kusa da gadar kogi sai ka ga kowa yana neman bango. Masu permi, takardar izinin bindiga, sun riƙe bindigoginsu, amma ba mahaukacin da zai fita ran Lahadi ya harbi suri don gwaji. Sai ya zamana maganar Yahaya ita ce gwajin. In ya miƙa maka bindiga ya ce ta yi, ta yi ke nan, kuma wannan ya ƙara masa fankama ba kaɗan ba.

A cikin waɗannan watannin ne Lawali ya zo. Lawali yayan Tabawa ne, mutumin Maraɗi, mai garka a Harobanda ƙasa da gada. Dogo ne, mai murya, mai saurin fushi da saurin huce, irin mutumin da zai zage ka da safe ya aiko maka da tumatir da yamma. Duk Juma'a yana aiko wa ƙanwarsa kwandon ganye, kuma a shekarar nan kwandon shi ke riƙe da tukunyar gidan Yahaya. Ya shigo Katako da wani abu naɗe cikin tabarma, ya dire shi gaban surukinsa ko sallama bai gama ba.

"Yahaya, abin ga ya ishe ni," in ji Lawali. "Kwana huɗu ke nan a jere wani abu shina shiga garkata. Shu ɗina, kabejin ga da na yi wata uku ina ɗaukar ma ruwa da arozuwar, an cinye mini layi biyu. Gyado ne, na tabbata."

"Sannu, Yaya. Gyado har bakin gada?"

"Yunwa ta koro mutane, ba ta koro gyado? Ga bindigar baba, ga permi. Ɗora mini cocila yau, gobe ka ji labari."

Yahaya ya warware tabarmar ya duba. Adaka ce tsohuwa amma lafiyayya. Ya ce zai yi, sai dai sai ya ga wurin tukuna. Lawali ya ce surukinsa ma sai an yi masa wannan iyayi? Yahaya ya ce ko Alhaji Maman ne mai ɗakin.

Washegari da hantsi suka ƙetare gada. Kogi ya ja baya sosai, yashi ya fito tsakiya, amma garkar Lawali kore shar, ga salati, wato latas, ga shu, ga karoti, an kewaye da shingen ƙaya. A kusurwar yamma akwai wata doguwar goruba mai rassa biyu cike da ƴaƴa, a gindinta kuma shingen ya buɗe. Lawali ya nuna bukkar da zai laɓe. Yahaya ya fara taku yana ƙirgawa, ya kai ashirin da shida daidai bakin ɓarakar, sai ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ɗan ƙauye ne, ya san sawun gyado. Wannan ba shi ba ne. Kofaton saniya ne, saniya guda ɗaya, kuma daga yadda take jan ƙafar baya ba ta da ƙarfi. Gefen kofaton kuma, manne da shi taku bayan taku, ga sawun takalmin fata ƙarami, dugadugin ya cinye. Wani ne ke shigo da ita, kuma ba ya sakinta, yana tafe jikinta. Ya duba shingen, ƙayar ba tsallake ta aka yi ba, an ɗauke ta ne an ajiye gefe a hankali.

"Yaya, zo ka gani. Saniya ce. Kuma da mutum tare da ita."

Lawali ya leƙo ya yi tsaki. "Wanga sawun matan da ke zuwa sayen salati ne. Kai mi ka sani ga garka?"

"Masu sayen salati ta ƙaya suke shigowa?"

"To ko saniyar ce! Ni na ce ta ci guminna? Ɗiyana takwas, ga gidanka na tara. In na bari, mi za mu ci? Kai dai yi aikinka. In ba ka iyawa, Hamisu na nan."

Yahaya ya san Lawali, in ya ce Hamisu to Hamisun ne. Kuma ɗaurin Hamisu ba wanda ya san inda yake aika harsashi, yana iya kuskure saniya ya samu mai ita. Ya bar surukinsa yana ta sababi, ya bi sawun nan. Ya bi shi ta cikin yashi har inda ya shige tsakanin bukkokin baƙi, inda sawun ɗaruruwan mutane ya taka shi. Ya yi ta tambaya ko akwai mai saniya a nan. Ba wanda ya sani. A shekarar da kowa ke ɓoye abin da ya rage masa, wa zai nuna wa baƙo mai tambaya inda saniya take? Ya dawo gida da la'asar, ƙafa duk yashi, bai samo kowa ba.

Tabawa ta ajiye masa tuwo ya ƙi taɓawa. Ta zauna gefen tabarma ta ce, "Malam, lahiya?" Ya kwashe duka ya gaya mata. Ta ce ita ta san yayanta tun suna yara, in ya ɗau zafi ko uwarsu ba ta iya shi, amma in ya kashe rai ba zai sake zama mutum ba.

"In na yi mai daidai, abin da haske ya kama ya mutu," in ji Yahaya. "In na ƙi, shi tahi wurin Hamisu."

"To ai saura guda," in ji Tabawa.

Ya gane abin da take nufi, don shi ma tun kan gada yake ta korar wannan tunanin. Ya ce mata shekara goma sha ɗaya bai taɓa sakin karkataccen aiki ba. Ta ce ta sani. Ya ce in ya yi, sunansa ya tafi. Ta ce wannan ma ta sani, ta tura masa kwanon tuwon kusa ta tashi.

Da safe ya shiga ɗakin Alhaji Maman ya ja ƙofa. Ya yi aikin nan yadda ya saba, ya ja zare, ya lallaɓa cocila har haske ya zauna tsakiyar da'ira cif. Ya tsaya yana kallonsa, kyakkyawan aiki, har ya ji tausayin kansa. Sannan ya jawo jakar jar fatar da ubansa ya ba shi, ya yanki ɗan guntu daga maɗaurinta, ya sassauta zoben baya ya cusa fatar ƙarƙashin gindin cocilar. Hasken ya sunkuya ya bar da'irar, ya sauka can ƙasan ƙyaure. Ya yi lissafin taku ashirin da shida, ya ga bai isa ba, ya ninka fatar biyu. Yanzu duk wanda ya ɗora hasken nan kan abu, bakin bindigar sama yake kallo. Ko a ɓata aiki Yahaya bai iya ganganci ba, sai da ya goge zobban suka yi ƙyalli.

Lawali ya zo da azahar. "Ta yi?" ya tambaya.

Yahaya ya miƙa masa bindigar. "Ta yi, Yaya."

Abin da ya faru a garkar, duk Katako sun ji shi daga bakin Lawali kansa, don bai bar wa kowa wahalar ƙari ba. Ya laɓe a bukka, ya ji motsin ƙaya, ya kunna cocila, ya ga idanu biyu suna ƙyalli, ya danna kunama. Bindigar baba ta yi wata tsawa da aka ji har tsallaken kogi, hayaƙi ya turnuƙe, sai ga goruba tana zubowa tim, tim, tim, kan shu, kan shinge, ɗaya har ta samu Lawali a kafaɗa da ya fito da gudu. Abin da ke bakin shinge ya juya ya ɓace. Kafin gari ya waye sojoji biyu daga masu gadin gada sun iso, suka duba permi, suka ɗaga kai suka dubi reshen goruba da ya karye yana lilo, suka dubi Lawali. Ɗayan ya kasa riƙe dariya. Suka cika aljihu da goruba, suka tafi da bindigar suka ce ya zo bayan mako biyu.

Da hantsi ya faɗo Katako, goruba ɗaya a hannu. Tun daga layin masu tukwane ake jin muryarsa.

"Ina Yahaya Daidai? Ku zo ku ga daidai! Na auna ƙasa, na harbe sama! Ga naman da na samo, ku zo a raba!"

Ya dangwara gorubar tsakiyar cocilolin Yahaya. Kasuwa ta taru. Hamisu ya baro rumfarsa har da gudu, ya ɗauki gorubar yana juya ta, ya ce kai, harbin ya yi kyau, ko jini ba ta zubar ba. Aka kwashe da dariya. Wani ya ce daga yau masu goruba sun huta da jifa, a kira Yahaya kawai. Shi dai yana zaune kan buhunsa, kunnuwansa sun yi zafi, yana goge wata cocila da ta riga ta gogu. Abin da ya iya tambaya ɗaya ne, ko an ga jini a bakin shingen. Lawali ya ce jinin uwar wa, in ba na goruba ba. Yahaya ya sauke numfashi a ɓoye. Kafin la'asar sunan ya kama shi.

Ya ji zafin abin, kada wani ya ce bai ji ba. Maharba suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har Oumarou da ya fara kawo masa aiki ya koma gaishe shi daga nesa. Bindigogi suka koma rumfar Hamisu, robar taya ta yi daraja. Aka bar Yahaya da gyaran cocilar masu gadi da sauya ampul, wato ƙwan cocila. In an kira "Goruba!" sai ya duƙar da kai ya yi kamar kurma. Kwandon Juma'a ma sai da ya yi fashi sau biyu. Tabawa ta yi miyar kuka, ta riƙa zuba masa fiye da nata.

A mako na uku Lawali yana ban ruwa da rana sai ga wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar garka, ba ta ɓarakar shinge ba, ta ƙofa. Siririya ce, Bafillatana, da takalmin fata mai cinyayyen dugadugi, tana riƙe da igiyar wata jar saniya da ake iya ƙirga haƙarƙarinta. Ta ce sunanta Hamsatu, daga arewacin Tawa suka taso da shanu arba'in da ɗaya, wannan ce ta iso. Ta ce ita ce ɓarauniyar shu, ta zo ne a yafe mata, don tun ranar ba ta iya barci. In zai yarda, ta riƙa kawo masa kashin saniyar don taki, shi kuma ya bar mata ganyen waje da yake zubarwa.

Lawali ya buɗe baki zai fara abin da ya saba, sai ta ƙara magana.

"Ɗana, hasken ga naka bisa huskata ya tsaya. Ina rungume da wuyanta don kada ta yi kuka. Na yi kalmar shahada, sai na ji goruba na zuba."

Arozuwar ɗin ya kuɓuce daga hannun Lawali. Ya zauna nan kan kunyar shu, cikin laka, da rigarsa. Daga baya ya tashi ya je bukka ya tsaya inda ya tsaya a daren, ya dubi bakin shinge, ya ɗaga kai ya dubi karyayyen reshe. Yahaya, mutumin da bai taɓa kuskuren faɗin yatsa ba, ya kuskure tsawon itace guda? Da ya karɓo bindigarsa daga wurin soja ya kwance zoben baya, sai ga ƴar jar fata ninki biyu, an yanke ta tsaf. Ya san jakar da aka yanko ta.

Wannan karon ba a ji shigowarsa Katako ba. Ya tsuguna gaban Yahaya, shi da yake babba, ya buɗe tafin hannu ya nuna masa fatar. Ya gaya masa maganar Hamsatu.

"Tashi mu tahi tsakar kasuwa," in ji Lawali. "Inda na tsaya na zage ka, nan zan tsaya in hwaɗa ma kowa gaskiya."

"Ka ce masu mi, Yaya? Yahaya ya iya, amma in ya ga dama shina karkatawa? Wanda anka ce ya yi kuskure, a yi mai dariya a wuce. Wanda anka ce da gangan ya yi, kuma ya dubi idon mai kaya ya ce ta yi, wa za ya sake ba shi ko cocila? Kuma sai ka kira sunan tsohuwar ga cikin kasuwa a matsayin ɓarauniya."

"To sunanka hwa?"

Yahaya ya karɓi fatar ya jefa cikin jaka. "Ya tahi, Yaya. Kai dai a maido kwandon Juma'a, miyar kuka ta ishe ni."

Lawali ya yi dariya da hawaye tare, ya share fuska da hannun riga ya tashi. Ran Juma'a kwando biyu suka iso Maourey, kuma daga ranar ba wanda ya isa ya ce Goruba a gaban Lawali, abin da ya sa mutane suka ƙara faɗinsa a bayansa.

Hamsatu ta zauna gefen garkar. Taki ya karɓi shu, ganyen waje ya karɓi saniya, ta murmure har ta fara harbin iska. Bayan damina biyu ta haihu. Wata safiya Yahaya yana zaune yana fama da wata cocila mai tsatsa sai ga wata tsohuwa ta tsaya kansa da ƙwarya rufe da faifai. Ta bi layi tana tambaya har aka nuno mata shi. Lawali bai gaya mata komai ba, abin da kowa ya sani shi ta sani.

"Kai ne maƙerin ga da bai iya aiki ba?" ta tambaya.

Hamisu da ke tsallaken hanya ya miƙe tsaye don kada ya rasa ko kalma. Yahaya ya dube ta, ya dubi takalminta, ya gane dugadugin.

"Ni ne, Inna."

"To ga nonon hwarko na saniyata, kai na kawo ma. Ko mi mutane ke cewa, kada ka damu, kowa da abin da Allah ya hore mai. Ni dai kullum in na yi salla sai na roƙa ma rashin iyawar ga taka albarka."

Ta ajiye ƙwaryar ta juya abinta. Yahaya ya ɗaga faifan, nono ne mai kauri, fari sol, har da ɗan man shanu yana yawo a kai. Dariya ta kama shi, ya yi ta yi har ya riƙe ciki, har ƙwalla ta gangaro cikin gemunsa, masu rumfunan kusa suna tambayar ko lafiya. Ya share ido. Ya kafa kai ya sha, ya rufe sauran don Tabawa.

Ana haka wani mai gadi ya ƙwalo kira daga bakin layi, cocila a hannu: "Goruba! Kana nan?"

Yahaya ya goge nonon da ke leɓensa, ya ɗaga murya yadda duk layin masu katako za su ji.

"Na'am! Ga ni nan, kawo ta."